Kano zuwa Yamai: tafiyar awa ɗaya da ta cinye min yini guda

Yau kan tafiye-tafiye za mu yi magana, kuma da abin da ya faru da ni zan fara.

An taɓa gayyata ta taron matasa a Yamai. Na duba taswira, na ce ai nan da nan ne. Da na tashi sayen tikiti, sai na ga jirgin zai kai ni Legas, daga can Lome, sannan Yamai. Na bar gida da asuba, ban sauka ba sai dare.

To mu yi lissafi. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Diori Hamani a Yamai, in aka miƙe ta sama, kilomita 700 ne da 'yan kai. Jirgin fasinja in ya daidaita a sama yana gudun kusan kilomita 800 a awa. Ka ga kenan tafiyar awa ɗaya ce, ko da ɗan ƙari, tunda wajen tashi da sauka ba ya cikakken gudu. Lokacin da ake rubutawa a tikiti kuwa yakan ɗara haka, saboda ana ƙirgawa ne daga sanda jirgi ya motsa daga inda yake fake har ya tsaya a ɗaya filin.

Yanzu ku dubi hanyar da na bi. Kano zuwa Legas kusan 830, Legas zuwa Lome kusan 240, Lome zuwa Yamai kusan 820. Jimilla wajen kilomita 1,900, ga zaman jira a kowane fili. Kuma ku lura, agogon Togo yana bayan namu da awa ɗaya, amma Najeriya da Nijar agogonsu ɗaya ne. In ba ka san wannan ba, sai ka rikice da tikitinka.

Ta mota fa? Ka bi Katsina, Jibiya, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dosso, ka shiga Yamai: sama da kilomita 900. Wato zagayen jirgin ya ninka hanyar mota.

Me ya jawo haka? Kamfani ba ya buɗe hanya sai ya tabbata zai cika kujeru, shi ya sa suke tara fasinjoji a manyan filaye irin Lome da Addis Ababa. Ga haraji da ke sa tikiti tsada, ga izinin da sai gwamnatoci sun ba wa juna. Siyasa ma na shiga: bayan juyin mulkin Nijar a 2023 an dakatar da zirga-zirga, sai a 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin.

Tun Janairun 2018 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka sa hannu. Har yau ɗalibi ko ɗan kasuwa daga Kano yana zagaye ta bakin teku don zuwa garin da ake jin Hausarsa. Wannan tambaya ce da ya kamata mu riƙa yi wa wakilanmu.

Kafin ku biya kuɗin tikiti, ku duba jimillar awanni da yawan tsayawa, ba farashi kaɗai ba. In lokacin hunturu ne, ku bar wa kanku rana guda, don hazo kan hana jirgi tashi.

Wa ya taɓa yin irin wannan zagayen? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.