Wanga Da Wagga: Yadda Hausar Zamfara Ke Rarrabe Namiji Da Mace

A kasuwar Talata Mafara, mai ciniki yakan ce “wanga buhu”, amma in ya juya ga dabba sai ya ce “wagga akuya”. Haka bakin mutanen Bakura da Maradun yake. Daidaitacciyar Hausa kuwa, wadda ake koyarwa a makarantu, ta haɗe su biyun a cikin “wannan”.

Rarrabe jinsi ya ratsa Hausa sosai. Bature yana kiran kowa da wakilin suna ɗaya idan yana fuskantarsa, amma Bahaushe sai ya zaɓi “kai” ko “ke”. Bazamfare ya ƙara da nasa: “shina tafiya” maimakon “yana tafiya”, “gidanai” maimakon “gidansa”.

A ƙasashen Turai an daɗe ana neman kalmar da ba ta nuna jinsi. A Suwidin an shigar da “hen” cikin ƙamusun hukuma a 2015 domin wannan bukata. Hausa kuwa tana da hanyarta tun fil azal. Ma'aikacin da ya rubuta “a zo da takardu” ko “an amince” bai ambaci namiji ko mace ba. Yaro mai ladabi kuma yakan gaida dattijo ko dattijuwa da “kun tashi lafiya?”

Abin lura shi ne ɗalibin da malami ya soke wa “wagga” da jan biro yakan ɗauka maganar iyayensa kuskure ce. Ya kamata malamai su koyar da daidaitacciyar Hausa, su kuma bayyana wa yara cewa karin garinsu yana da ƙa'idarsa.