Zirin da Ke Cikin Taga Mai Gilashi Biyu: Me Ya Sa Gogewa Ba Ta Fitar da Shi?

A ofishin da nake zama ina rubuta manhaja akwai wata babbar taga mai gilashi biyu da ke kallon yamma. Bayan daminar bara na fara ganin wasu ziri-ziri farare sun sauko daga sama zuwa ƙasa, kamar sawun hawaye. Na goge ta ciki da ruwan sabulu, na zagaya na goge ta waje, har da tsumman da nake goge sikirin ɗin kwamfuta, amma zirin na nan daram. Sai da na kara ido sosai na gane cewa ba a fuskar da hannuna ke taɓawa yake ba. Yana tsakanin gilasan biyu ne.

Ko ba ku da irin wannan taga a gida, kun saba ganin gilashin a ƙofar firijin lemo na kantuna, da bankuna, da sababbin gine-gine masu esi. Matsalar duk ɗaya ce.

Yadda aka ƙera shi

Dabarar ta tsufa. Wani Ba'amurke, Thomas Stetson, ya yi mata rajista tun 1865, kuma ta bazu a Amurka da sunan Thermopane daga shekarun 1940. Gilashi biyu ne ake jerawa, a bar rata tsakaninsu, galibi milimita 12 zuwa 16. A ratar akwai busasshiyar iska ko iskar argon, wadda ba ta wuce da zafi kamar iskar da muke shaƙa. Wannan ne ke riƙe ɗumi a gidajen Turai lokacin sanyi, mu kuma yake riƙe mana sanyin esi, ya rage hayaniyar titi.

Abin da ke raba gilasan wani siririn bututu ne, yawanci na almuniyom, da ya zagaye gefen. An cika cikinsa da ƙwayoyi masu tsotse laima, 'yan uwan waɗanda kuke samu a ɗan ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi ko na'ura. Sai a liƙe gefen gaba ɗaya da danƙo hawa biyu. Muddin liƙin nan bai buɗe ba, cikin tagar zai zauna garau.

Inda matsalar ke farawa

Da rana iskar da ke ciki tana kumbura, ta tura gilasan waje. Da dare ta tsuke, ta janyo su. Kullum haka, shekara da shekaru, har danƙon ya gaji ya tsage. A wajenmu, inda rana ke dukan taga da ƙarfi kuma daren hunturu ya zo da sanyi, wannan numfashin ya fi tsanani. Idan kuma ramukan tsiyayar ruwa da ke ƙasan firam suka toshe da ƙura, gefen gilashin zai zauna cikin ruwa, liƙin ya ƙara saurin lalacewa.

Da zarar an sami kafa, argon zai sulale, iska mai laima ta shiga. Ƙwayoyin nan za su yi ta tsotsa har su ƙoshi. Daga nan ne za ka fara ganin hazo da safe, ya ɓace da rana. Raɓar tana gangarowa, ta bushe, ta bar sawu. Idan abin ya daɗe, ruwan yana cin fuskar gilashin kanta, ya bar farin tabo wanda ko an buɗe an wanke ba zai fita ba. Wasu gilasan kuma suna da wani siririn shafi na ƙarfe a fuskar ciki mai mayar da zafi, laima na sa shi ya yi dabbare-dabbare.

Gwajin da za ka yi da kanka

Kafin ka kira kowa, goge fuskokin biyu ka busar. Raɓar da ke kwanciya ta waje a damina idan esi na aiki ba lalacewa ba ce, yatsa na share ta. Wadda ba ka iya taɓawa ita ce matsala.

Da dare, kunna tocin wayarka ka kara kusa da gilashin, ka duba ta gefe. Za ka ga hasken ya dawo sau huɗu, ɗaya daga kowace fuska. Idan ɗaya ya sha bamban da sauran a launi, tagar tana da shafin ƙarfen nan. Sannan ka ɗauki hoton tagar da sassafe, ka sake ɗauka da azahar na 'yan kwanaki. Idan hazon na zuwa yana tafiya, abin bai yi nisa ba. Idan zirin bai motsa ba, ya riga ya kama.

Hanyoyi uku

Ta farko, ka bar shi. Tagar ba za ta faɗo ba, ruwan sama ba zai shigo ɗaki ta nan ba. Abin da ka rasa shi ne kyan gani da wani kaso na kariya daga zafi, wato esi zai ƙara ɗan wahala.

Ta biyu ita ce wadda ta cika YouTube da TikTok: a huda ƙananan ramuka a gilashin, a fesa ruwan wanki, a busar, a toshe da 'yar hular iska. A Amurka da Kanada akwai masu wannan sana'a. Hazon na iya tafiya, amma argon ba ya dawowa, liƙin bai gyaru ba, tabon da ya ci gilashi kuma na nan. Ga haɗari: idan gasasshen gilashi ne, irin na gefen mota, huda ɗaya za ta tarwatsa shi ya zama tsakuwa. Ƙofofi da manyan tagogi da ƙofar firiji galibi irinsa ne. Na'urar busar da gashi ma hazon kawai take kora na ɗan lokaci, zafinta a wuri ɗaya kuma na iya tsaga gilashin.

Ta uku ita ce gyaran gaskiya: a cire gilasan biyu a haɗe, a sa sabo, a bar firam ɗin a inda yake. Kamar waya ce da sikirin ɗinta ya mutu, ba sai an sayi sabuwa ba. Idan mai gyara ya ce sai an fasa bango an canza taga gaba ɗaya alhali firam ɗin lafiya yake, nemi wani ya duba.

Kafin ka biya

Duba jikin bututun da ke tsakanin gilasan, wasu masana'antu na buga sunansu da shekarar ƙira a nan, wanda zai taimaka idan akwai garanti. A auna faɗi da tsawo da kauri daidai, domin ba a rage wannan gilashi bayan an haɗa shi. Tambayi mai aikin ko a masana'anta aka liƙe shi da ƙwayoyin tsotse laima, ko kuwa gilashi biyu kawai aka manna da silikon a shago. Na biyun ya fi araha, amma damina ɗaya ko biyu za ka koma gidan jiya. Bayan an sa, riƙa share ramukan tsiyaya, kada ka harba wa gefen ruwa mai ƙarfi, kuma ka yi tambaya kafin ka manna baƙar leda, domin tana ƙara wa gilashin zafi.

Tamu dai an canza gilasan, firam ɗin na nan. Da mai aikin ya kwantar da tsohon a ƙasa, ya nuna mini inda danƙon ya rabu a kusurwar ƙasa, daidai wajen da ramin tsiyaya ya toshe da ƙura.