Mai Taɓin Hankali a Lokacin Annoba

'Yan'uwa manoma, a watan Afrilu na 2020 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa dokar kulle a birnin Katsina saboda annobar korona. Aka rufe kasuwanni, motoci suka tsaya. Mun yi ta maganar taki da farashin gero, amma kaɗan daga cikinmu suka tuna da masu taɓin hankali.

Mai irin wannan ciwo yakan sami sauƙi muddin yana shan ƙwayarsa kullum, ko ana yi masa allurar wata-wata. In magani ya yanke, ciwo yakan dawo. Barci ya gagara, ya riƙa jin muryoyi, iyali su tsorata su ɗauko mari. Ba mu manta da mutanen da 'yan sanda suka kwance daga sarƙa a Daura da Katsina a watan Oktoba na 2019 ba.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta binciki ƙasashe 130. Kashi 93 cikin ɗari sun ce annobar ta kawo cikas ga kula da irin waɗannan marasa lafiya.

Likita yana birni, marar lafiya yana ƙauye, mu maƙwabta mu ne tsakaninsu. Saboda haka kowace ƙungiyar gama kai ta san gidajen da ke da mai wannan ciwo. A naɗa mutum ɗaya mai karɓo magani kafin ya ƙare, a ware kuɗin mota daga asusu, a riƙa leƙa gidan kowane mako. Mu shirya tun wata annobar ba ta zo ba.