Sansanin Yara Da Kyautar Jama'a Ta Gina

A shekara ta 1877 akwai wani fasto mai suna Willard Parsons a ƙauyen Sherman, cikin jihar Pensilbeniya ta Amurka. Ikilisiyarsa ƙarama ce, yawancin mutanensa manoma ne. Amma ya san halin da 'ya'yan talakawa suke ciki a birnin New York. Iyali guda sukan cushe a ɗaki ɗaya, ba iska, ba rana, ga kuma tarin fuka yana ta ɗibar yara.

Sai ya roƙi jama'arsa su buɗe ƙofofinsu, kowane gida ya karɓi yaro ya yi hutu a ƙauye. Suka yarda. Yara tara aka fara kawowa. Kafin zafin shekarar ya wuce, yara 60 sun sha iskar karkara.

Abinci da wurin kwana manoma suka bayar, amma jirgin ƙasa sai da kuɗi. Nan jaridu suka sa hannu. Jaridar New York Tribune ta ɗauki nauyin aikin, tana roƙon masu karatu, tana buga sunayen waɗanda suka bayar. Mai kaɗan ya kawo, mai yawa ya kawo. Aka san aikin da sunan Fresh Air Fund, wato asusun shan iska mai kyau.

A 1948 wani likita, William Sharpe, ya ba da fili eka 1,000 kyauta a Fishkill, arewa da birnin. A can aka yi ta gina sansanoni, har da wanda ake karɓar yara masu naƙasa. A 1994 mawaƙiya Mariah Carey ta yi alkawarin dala miliyan ɗaya, aka sa wa wani sansani sunanta. Yara sukan koyi iyo, da aikin lambu, da zaman tare, iyayensu kuwa ba sa biyan ko kwabo. Daga 1877 zuwa yau, yara fiye da 1,800,000 sun amfana.

Ya ku iyaye, ku lura. Fasto Parsons bai jira mai arziki ba. Da abin da ke hannun manoma ya fara. In an zo neman gudummawa domin taron matasa a ikilisiyarku, kada ku raina mudun hatsinku. Da yayyafi kogi kan cika.