Robar Kare Haƙora, Bushewar Baki da Ruɓewar Haƙori

Akwai mutanen da barci na ɗaukarsu sai su shiga gurza haƙoran sama da na ƙasa, har na kusa da su ya ji ƙarar. Su kansu ba su sani ba, sai dai su wayi gari da ciwon muƙamuƙi, a kwana a tashi kuma haƙoran su zaizaye. Saboda haka likitan haƙori yakan auna bakin mai wannan larura, a ƙera masa wata roba daidai da jerin haƙoransa, ya riƙa sawa in zai kwanta. Aikinta shi ne ta ɗauki gugar a madadin haƙori.

To, ko robar tana ruɓar da haƙori? Kafin a amsa, sai mun duba aikin yawu tukuna.

Bakin baligi yakan samar da yawu tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi kowace rana. Yawun nan da muke ƙyama shi ne mai gadin haƙori. A cikin daƙon da ke manne wa haƙora akwai ƙwayoyin bakteriya masu cin sukari su fitar da asid, kamar yadda W. D. Miller ya bayyana tun 1890. (Ke nan babu wata tsutsa a kogon haƙori, ko da yake har yanzu wasu na faɗin haka.) Idan tsamin ya kai ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.5, sai farin ɓawon haƙori ya fara narkewa. Yawu ne ke wanke sukarin, ya kashe kaifin asid da sinadarin bikabonet da ke cikinsa, sa'an nan ya mayar wa ɓawon da kalsiyam da fosfet ɗin da ya rasa.

Da dare kuwa, yawu yakan ragu har ya kusa tsayawa cik. Yanzu mai karatu ya ƙaddara wani ya sha shayi mai sukari, bai goge baki ba, ya ɗora roba a kan haƙoransa. Ya kulle ƙwayoyin da abincinsu a ɗaki ɗaya ke nan na tsawon awa bakwai ko takwas, ɗan yawun da ya rage ma an tare masa hanya. Laifin ba na robar ba ne ita kaɗai, na abin da aka rufe a ƙarƙashinta ne.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda bakinsa ke bushewa dama: mai ciwon sukari, da mai shan wasu magungunan hawan jini ko na mura da ƙaiƙayi, da wanda hancinsa ya toshe, musamman da hunturu, yake numfashi ta baki. Irin waɗannan su gaya wa likita kafin a ƙera masu robar, kuma kada su daina shan maganinsu da kansu.

Kafin a kwanta, a goge haƙora da man goge baki mai sinadarin fuloraid, a tofar da kumfar ba tare da kurkurewa ba, domin sinadarin ya kwana a kan haƙori. Bayan haka kada a sha komai sai ruwa. Da safe a wanke robar da buroshi da ruwan sanyi, don ruwan zafi yakan lanƙwasa ta, a bari ta bushe sarai kafin a mayar da ita cikin mazubinta.