Tsohon Sojan Ruwan Da Ya Yaƙi Kurkunu

 Shirin namu na yau zai soma da tambaya ga dattawan Rijiyar Lemo da Fagge a Kano, musamman waɗanda suka tashi a ƙauye kafin su shigo birni: yaushe rabonku da ganin mai kurkunu? Yaran yanzu sai dai su ji suna. Amma duk wanda ya ba hamsin baya ya san magidanci zaune a gindin bishiya da tsakar damina, ƙafa a kumbure, ana naɗe farar tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, gona kuwa ciyawa ta cinye. Cikin waɗanda suka sa aka daina ganin haka akwai wani tsohon sojan ruwa, manomin gyaɗa, malamin yara da manya, wato Jimmy Carter, shugaban Amurka na 39, wanda ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100.

An haife shi ranar 1 ga Oktoba, 1924, a Plains da ke jihar Jojiya, garin da mutanensa ba su kai dubu ba. A 1946 ya gama makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Annapolis, daga baya ya koma jiragen yaƙi masu nutso a ƙarƙashin teku. Admiral Hyman Rickover, wanda ya yi suna wajen tsanani, shi ya ɗauke shi cikin shirin jirage masu aiki da nukiliya. Da injin nukiliyar Chalk River na Kanada ya lalace a 1952, Carter ya jagoranci wasu daga cikin masu gyara, kowa ya shiga ya yi daƙiƙa 90 ya fito saboda gubar wurin.

Sai mahaifinsa ya rasu a 1953. Ya tuɓe kaki ya koma gida noman gyaɗa da cinikinta, duk da cewa matarsa Rosalynn ba ta so komawa ƙauye ba. Ƙarshe ma ita ta riƙe masa littafin lissafi. A daidai shekarun nan ne dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, Alhassan Ɗantata yana raye. Da Carter ya zo Ƙofar Mazugal a lokacin, da ba a rasa abin hira ba.

Batun malanta kuwa, koyarwarsa ta coci ce, irin darasin safiyar Lahadi da maƙwabtanmu na Sabon Gari suka sani. Ya soma tun yana ɗalibi a Annapolis, bai daina ba ko yana shugaban ƙasa. Bayan ya sauka ya shekara da shekaru yana koyarwa a ƙaramin cocin Maranatha na garinsu, baƙi na sammako suna layi don su samu wurin zama. A 2015 likitoci suka ce ciwon daji ya kai masa ƙwaƙwalwa. Ranar Lahadin da ta biyo bayan sanarwar, sai ga shi a gaban aji.

Aurensu da Rosalynn ya yi shekara 77, 'ya'ya huɗu, maza uku da mace ɗaya. Gidan da suka gina a 1961, nan suka koma bayan fadar shugaban ƙasa, nan suka tsufa.

Mulkin nasa dai bai ƙare da daɗi ba. Tsadar rayuwa da Amurkawan da aka tsare a Tehran kwana 444 sun kayar da shi a zaɓen 1980. Amma kafin nan, a 1978, ya sauka a Legas wurin Janar Obasanjo, ziyarar aiki ta farko da wani shugaban Amurka ya kawo Najeriya.

Babban aikin ya zo ne bayan ya rasa kujera. A 1986 cibiyar da ya kafa ta ɗaura ɗamarar yaƙi da kurkunu, lokacin ana ƙiyasin mutum miliyan 3.5 ke kamuwa duk shekara a ƙasashe 21. Ƙidayar da aka yi a Najeriya tsakanin 1988 da 1989 ta gano sama da 650,000, mu ne kan gaba a duniya. Kuma cutar ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Mutum ya sha ruwan tafki mai ƙananan ƙwarin da ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar, sai bayan kamar shekara tsutsar ta ɓullo, wani lokaci tsawonta ya kai mita guda. Zafi ya sa mai ita ya tsoma ƙafa a tafki, ita kuma ta zubar da 'ya'yanta a ciki, a sake komawa gidan jiya. Maganin kawai a tace ruwa da ƙyalle, a hana mai ciwo shiga tafki, a zuba magani a ruwan, a haƙa rijiya. Aiki ne na bin ƙauye-ƙauye da rarrashin masu gari, ba mai kawo tafi ba. Janar Yakubu Gowon ya shiga ciki, ya yi ta zagaye da kansa.

Mutum na ƙarshe da ya kamu a Najeriya an same shi a jihar Inugu a 2008. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Najeriya da Nijar sun rabu da cutar.

Carter ya sha cewa burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Bai samu haka ba, amma saura ƙiris: a shekarar da ya rasu mutum 15 aka ƙidaya a duk duniya, 9 a maƙwabciyarmu Chadi, 6 a Sudan ta Kudu. An binne shi a harabar gidan nan nasu na Plains, kusa da Rosalynn, wadda ta riga shi a Nuwamban 2023.