INABI A ƘASAR ƘANƘARA: ABIN DA MANOMAN KAUGAMA ZA SU KOYA

Yaranmu suna karanta labarin kurangar inabi a Littafi Mai Tsarki, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganinta da ido. Yanzu kuwa ana kawo inabin Kudan, kusa da Zariya, zuwa kasuwannin Arewa, har waɗansu magidanta a nan Kaugama sun fara tambaya ko za su sa kuɗinsu a wannan noma. Kafin mutum ya sayar da akuyarsa ko buhun riɗinsa, ya kamata mu dubi yadda waɗansu suka yi a ƙasar da ita ma inabi bai saba da ita ba.

Inda sanyi ke kashe itace

Jihar Minesota tana arewacin Amurka. Da hunturu sanyi yakan wuce digiri 30 ƙasa da sifiri, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki wata da watanni. Inabin Turai ba ya jure wannan. Dā, wanda yake so ya noma shi a can sai ya kwance kurangar daga waya kowace shekara, ya kwantar da ita, ya rufe da ƙasa har sanyi ya wuce. Wahala mai yawa, riba kaɗan.

Amma akwai inabin jeji da yake tsiro a bakin kogunansu. 'Ya'yansa ƙanana ne masu tsami, sai dai sanyi ba ya kashe shi. A 1943 wani manomi mai kiwon shanu a jihar Wiskonsin, Elmer Swenson, ya fara haɗa aure tsakanin irin da ke jure sanyi da iri mai zaƙi. Ya yi shekaru yana shukawa, yana zaɓe, yana zubar da wanda bai yi ba. Daga baya Jami'ar Minesota ta haɗa hannu da shi, a 1978 suka fitar da iri biyu tare, Edelweiss da Swenson Red. Jami'ar ta ci gaba da aikin. Ta fitar da Frontenac a 1996, Marquette a 2006, Itasca a 2017.

Samun iri bai ƙare magana ba. Masu matse inabi suka tarar ruwan sabon irin ya cika tsami, dabarun da suka koya daga Turai ba su dace da shi ba. Masu saye kuma ba su san sunayensa ba. Saboda haka a 2011 aka kafa wani shiri da kuɗin ma'aikatar gona ta Amurka, Jami'ar Cornell tana jagora. Masana daga jami'o'i da dama, da ƙungiyoyin manoma, da masu masana'antar giyar inabi suka zauna wuri ɗaya. Manomi ya ba da gonarsa a yi gwaji, mai masana'anta ya faɗi abin da yake damunsa, masani ya auna ya kawo amsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Namu zafi ne da ruwa

Mu a nan ba sanyi ne abokin gābanmu ba. A ƙasar sanyi kuranga takan zubar da ganye ta huta. A ƙasar zafi ba ta hutawa da kanta, sai manomi ya datse rassanta a lokacin da ya dace. Manoman jihar Maharashtara a Indiya suna datsa sau biyu a shekara, wajen Afrilu da Oktoba, domin 'ya'yan su nuna da rani. Suna da cibiyar binciken inabi a birnin Pune tun 1997, tana aiki da ƙungiyarsu.

Damina tana kawo ciwon ganye. Gara tana cin gindi, tsuntsaye suna cin 'ya'ya. Inabi kuma ba ya son saiwarsa ta kwana cikin ruwa, don haka fadamar Kogin Haɗejiya da ambaliya ke shafewa ba wurinsa ba ce. Ƙasar jigawa mai tsane ruwa, wadda take da rijiya kusa, ta fi dacewa. Mu tuna kuma Kaugama ta fi Zariya zafi da ƙarancin ruwan sama. Abin da ya yi kyau a Kudan sai an gwada shi tukuna a nan.

Wa zai saya?

Kasuwarmu ba ta giya ba ce. Yawancin maƙwabtanmu ba sa sha, haka ma yawancin gidajenmu. Amma ana cin inabi ɗanye, ana shanya shi ya zama zabibi, ana matse ruwansa. Tun 1869 Thomas Welch a Amurka ya nuna cewa in aka dafa ruwan inabi aka rufe shi a kwalba, ba zai zama giya ba. Don Jibin Ubangiji ya yi haka. Sai dai ɗanyen inabi ba ya jira kamar riɗi ko zoborodo. In babu mai saye a shirye, asara ce.

Shawararmu

Kada magidanci ya shiga shi kaɗai, kada kuma ya ci bashi. Rumfar waya da ginshiƙai suna cin kuɗi, kuma ba a shekarar da aka dasa ake cin riba ba. Gidaje biyar ko goma su haɗu, su aiki mutum biyu Kudan su gani da idonsu. Su nemi shawarar malamin gona, da ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Su dasa gindi kaɗan na iri biyu ko uku, su sa ɗalibi ɗaya ya riƙa rubuta ranar datsa, da ranar fure, da ciwon da ya bayyana, da nauyin abin da aka tsinka. Wannan littafi shi ne za a nuna wa masana da 'yan kasuwa.

Swenson ya yi shekara 35 kafin irinsa ya fita kasuwa. Mu an riga an share mana hanya mai yawa. In muka ba gwajin shekara uku ko huɗu, muka bar gero da dawa a inda suke, ba mu yi asarar kome ba ko da inabin ya ƙi.